Gwajin da aka yi wa Hajiyarmu kafin a zaɓa mata maganin kansar huhu

Hajiyarmu bata taɓa shan taba ba, ko hayaƙinta bata so, shi yasa lokacin da tari ya kama ta babu wanda hankalinsa ya je kan kansar huhu, mu da likitocin da suka fara dubata duka. Tari ne busasshe da yaƙi tafiya, ga rama, ga kasala, daga baya numfashi ya fara yi mata wuya idan ta ɗan yi tafiya daga ɗaki zuwa tsakar gida. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ga inuwa a huhun dama, aka yi gwajin majina na GeneXpert bai nuna tibi ba, amma duk da haka aka ɗora ta kan maganin tibi, kuma gaskiya bana ganin laifin kowa sosai a nan sabida a ƙasar nan idan mutum yazo da tari da rama da inuwa a huhu tibi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ta sha maganin nan na watanni, fitsarinta yayi ja kamar yadda aka ce zai yi, amma tarin na nan, nauyinta sai raguwa yake. Sai da ruwa ya taru mata a ƙirji har ta kasa kwanciya sai a jingine sannan aka tura mu babban asibiti aka yi siti sikan, toh a nan ne labari ya canza.

Aka zuƙe ruwan, mai yawa ne kuma da ɗan ja-ja a ciki. Sannan aka shirya bayofsi, wato a saka allura ta tsakanin haƙarƙari ana kallo ta na'urar sikan har a kai ga ƙarin a gutsiro ɗan nama. Aikin kansa bai daɗe ba, an kashe wurin da allura, bayan an gama aka sake hoto don a tabbatar iska bata shiga ta danne huhun ba, ta kwana ɗaya a asibiti muka dawo gida. Jiran sakamakon ne ya fi aikin wahala. Da ya fito takardar ta ce adenocarcinoma, an kuma yi wani rini da ake kira TTF-1 ya nuna cewa daga huhun ya samo asali ba daga wani wuri ya taho ba. Tunda an ga ƙwayoyin cutar a cikin ruwan ƙirjin kuma akwai tabo a ƙashin baya, mataki na huɗu ne. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, abin da muka iya faɗa kenan ni da Yaya a bakin ofishin.

Abin da nake so na rubuta a kai shine abin da ya biyo baya, domin ni dai a lokacin ban san akwai shi ba, kuma duk wanda na ba labari daga baya shima bai sani ba. Ni a tunanina an riga an gano cuta, saura kemo, ruwan nan da ake ɗaurawa gashi ya zube. Muka shiga wurin likitan ciwon daji da shirin a bamu ranar farawa, sai ya tambaye ni, "Malam, ina bulok ɗin?" Nace wane bulok? Yace naman da aka ciro ba'a jefar da shi, ana saka shi a ruwan fomalin sannan a binne shi a cikin daskararren kyandir, ɗan abu ne bai kai akwatin ashana ba, daga jikinsa ake yanko siraran yanka a ɗora a gilashi a duba, ragowar kuma tana nan a ɗakin gwaji da lamba a jiki. Yace kafin ya rubuta kowane magani yana so a duba ƙwayoyin halittar ƙarin, ya rubuta min a takarda: EGFR, ALK, ROS1, PD-L1.

Ya ɗauki lokaci yayi mana bayani kuma Allah ya saka masa da alheri, don layi ne a waje ba kaɗan ba. Yace kansar huhu ba cuta ɗaya bace. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi wadda ta fi kama masu shan taba sosai, ita kusan 15 ce cikin 100, sauran kusan 85 ɗin su ne ɗaya rukunin, kuma adenocarcinoma a cikinsu take, ita ce kuma aka fi gani a wurin waɗanda basu taɓa shan taba ba musamman mata. A irin wannan sau da yawa ana samun wani canji guda ɗaya a cikin ƙwayar halitta wanda shine yake tura ƙarin yana girma. Yace mu ɗauka makunnin wuta ne da ya maƙale a kunne, ƙwayar tana ta samun umarnin ki rabu ki ƙaru babu tsayawa, idan aka gano wane makunni ne toh akwai ƙwayar magani ta haɗiya da aka ƙera don ta kashe shi shi kaɗai. Idan kuma ba shi bane maganin ba zai yi komai ba sai ɓarnar kuɗi da lokaci.

Tambayar farko da Yaya tayi ita ce wadda ke zuciyata nima, "Likita, kenan gado ne? Mu ma muna da shi?" Wallahi kalmar ƙwayar halitta da muka ji ita ta tayar mana da hankali, tana da 'yanmata a gida, kuma kun san yadda magana take yawo idan aka zo batun aure. Yace a'a, wannan canjin a cikin ƙarin kawai yake, ya faru ne a huhunta a tsawon rayuwa, ba daga iyayenta ta samo ba kuma bata ba 'ya'yanta ba, idan aka ɗebi yawunta ko fatarta aka duba ba za'a ganshi ba. Akwai 'yan iyalai ƙalilan a duniya da ake samun na gado amma abu ne mai wuyar samu kuma ba shi ake nema a wannan gwajin ba. Na maimaita wannan bayanin ga dangi ban san adadi ba, har yau akwai Goggonmu da bata gama yarda ba.

Karɓo bulok ɗin kansa aiki ne. Sai an rubuta takardar neman izini daga likita, a kai ɗakin gwaji, a nemo shi a cikin ma'ajiya, ka sa hannu cewa ka karɓa. Mai aikin wurin ya gargaɗe ni kar na barshi a mota cikin rana sabida kyandir ne zai narke, kuma ba sai an saka shi a firij ba, wuri mai sanyi-sanyi kawai. Muka kai wani lab mai zaman kansa da ke karɓar irin wannan samfurin yana aikawa ƙasar waje, namu Indiya aka kai, na ji wasu Afirka ta Kudu ake kai nasu. Sun bamu zaɓi biyu. Ko dai a yi gwajin ɗaya bayan ɗaya, EGFR da kansa, ALK da kansa, kowanne da kuɗinsa kuma kowanne sai ya ci wani yanki na naman, ko kuma a yi babban gwajin da suke kira NGS wanda yake karanta ƙwayoyin halitta da yawa a lokaci guda, har da KRAS da BRAF da MET da RET da HER2 da NTRK, shi ya fi tsada sosai amma sau ɗaya ake yanka. Na kira likita daga wurin na tambaye shi, yace idan za ku iya ku yi babban, domin naman allura kaɗan ne kuma idan aka bi ɗaya-ɗaya zai iya ƙarewa kafin a kai ga amsar. Muka haɗa kuɗi, ƙanina ya sayar da babur ɗinsa, aka biya.

Sai kuma ga abin da bamu zata ba, bayan an ɗan kwana biyu aka kira ni aka ce samfurin bai isa ba. Ashe yawancin abin da allurar ta ciro mataccen nama ne da tabo, ƙwayoyin cutar masu rai da ke ciki sun yi kaɗan, kuma wanda ya duba da farko ya riga ya yanke mai kyaun wajen yin rini. Su suna buƙatar wani kaso na ƙwayoyin ƙari a cikin samfurin kafin na'ura ta iya karanta DNA ɗin da tabbaci, idan ba haka ba za ta iya cewa babu canji alhali akwai. Ranar raina ya ɓaci matuƙa, kuɗi sun tafi, lokaci na tafiya, Hajiya tana kan oksijin da daddare. Har yanzu ina ganin da tun ranar bayofsi an san cewa za'a buƙaci naman don wannan gwajin da an ɗebi fiye da haka kuma an yi tattalinsa wajen yanka, wannan magana ce da ya kamata mai ciro naman da mai dubawa da likitan ciwon daji su yi a tsakaninsu tun kafin a taɓa majiyyaci, bai kamata sai dangi sun biya sun jira sannan a gane ba.

A wannan tsakanin ne matsin lamba ya taso daga ko'ina. Kawu yazo yace me ake jira, a fara kemo kawai, ana zaune mace na ƙarewa. Wani abokin ƙanina da ke harkar magunguna yace ai akwai ƙwayar kansar huhu da ake kawowa daga Indiya, mu saya kawai mu fara bata tunda an ce mata marasa shan taba tana yi musu aiki. Wani kuma ya turo min bidiyo a WhatsApp kan sabon maganin garkuwar jiki da ake ɗaurawa, wai shi ne ƙarshen magana a Amurka. Na kwashe duka na kai wa likita.

Akan sayen ƙwaya ba gwaji yace kar mu kuskura, ya bani labarin wani babban bincike da aka yi a ƙasashen gabashin Asiya mai suna IPASS wanda aka wallafa a 2009. An ɗauki mutane irin Hajiya, marasa shan taba ko masu sha kaɗan da suka daina, masu adenocarcinoma, aka ba wasu gefitinib, ƙwayar maganin da ke kashe makunnin EGFR, wasu kuma kemo. Cikin waɗanda ke da canjin EGFR kusan 71 cikin 100 ƙarinsu ya motse da gefitinib, da kemo kuma kusan 47. Amma cikin waɗanda basu da canjin, gefitinib ya yi aiki ne a kusan mutum 1 cikin 100 kacal, kemo kuma ya fi shi nesa. Kenan duk kamanninsu ɗaya a ido, yawancinsu mata ne, basa shan taba, cutar iri ɗaya a madubin likita, amma gwajin ne kaɗai ya raba wanda maganin zai taimaka da wanda zai cutar ta hanyar hana shi abin da ya dace da shi. Wannan lissafin ya zauna min a kai, shi na riƙa faɗa wa duk wanda ya matsa.

Akan maganin garkuwar jiki kuma, irin su pembrolizumab, yace shi yasa ya rubuta PD-L1, wanda shi ba ƙwayar halitta ake karantawa ba, wani furotin ne a jikin ƙwayoyin ƙarin da ake rinawa a ƙirga, idan ya kai 50 cikin 100 ko sama kuma babu canjin EGFR ko ALK ana iya ba da maganin shi kaɗai. Amma idan akwai canjin EGFR maganin garkuwar baya yin aiki sosai ko da PD-L1 ɗin yayi sama, kuma mafi haɗari idan aka fara da shi sannan aka dawo aka ba da osimertinib, wata ƙwayar maganin EGFR, ana samun kumburin huhu mai tsanani fiye da yadda aka saba. Don haka jerin yadda ake ba da magungunan ma yana da muhimmanci. Kemo kuwa yace idan jikinta ya rikice kafin sakamako ya zo zai ɗaura mata zagaye ɗaya don a riƙe cutar, hakan baya ɓata komai, amma indai tana iya jira gara a jira.

Ya kawo hanyoyi guda biyu maimakon a sake soka mata allura. Na farko ashe ruwan da aka zuƙe daga ƙirjinta an tace shi an tara ƙwayoyin da ke ciki an yi musu nasu bulok ɗin, kuma shi cike yake da ƙwayoyin cutar, ana iya gwajin a kansa. Na biyu gwajin jini, domin ƙari yana zubar da gutsattsarin DNA ɗinsa cikin jini kuma akwai na'urorin da ke iya tsinto su. Sai dai yace na jinin idan ya nuna akwai toh akwai, a yarda da shi, idan kuma ya nuna babu ba'a gama magana ba don wani ƙarin baya zubar da isasshe. Na tambaye shi tabon ƙashin bayan fa, yace nama daga ƙashi shine ƙarshen abin da yake so, sabida ruwan asid da ake jiƙa ƙashi da shi don yayi laushi a yanka yana lalata DNA. Muka koma ɗakin gwaji aka nemo bulok ɗin ruwan, lab ɗin suka karɓa ba tare da mun sake biyan cikakken kuɗi ba, sai na aikawa kawai.

Sakamakon ya shigo min ta imel da daddare, shafuka da yawa duk Turancin likitoci, abin da na iya tsinta a layin farko shine EGFR exon 19 deletion, detected, wato an gano canji a EGFR. A ƙasa kuma TP53, shima detected. ALK babu, ROS1 babu, PD-L1 ƙasa-ƙasa. Ban yi barci ba sai karance-karance nake a waya, wasu abubuwan na gane wasu sun ƙara rikita ni. Abin da na fahimta kuma likita ya tabbatar min washegari shine a 2004 ne masu bincike a Amurka suka gano cewa mutanen da gefitinib ke yi wa aiki na ban mamaki suna da canji a EGFR, kafin nan ana ba kowa ne ana mamakin me yasa wasu ƙalilan ke tashi wasu ko gezau. Canje-canjen iri biyu ne suka fi yawa, gutsirewar exon 19 da kuma L858R a exon 21 (exon sashe ne na ƙwayar halitta), su biyun sun kai kusan 85 zuwa 90 cikin 100 na duk canjin EGFR. A Turawa ana samunsa a kusan 10 zuwa 15 cikin 100 na masu adenocarcinoma, a gabashin Asiya kuma yana kaiwa 40 zuwa 50. Na ALK kuwa a Japan aka gano shi a 2007, shi bai fi 3 zuwa 5 cikin 100 ba kuma yana da nasa magungunan daban irin su alectinib da lorlatinib.

Likita yace cikin abubuwan da takardar za ta iya nunawa wannan na daga cikin masu kyau, exon 19 yawanci ya fi L858R jin magani kuma ya fi daɗewa yana ji. Amma bai ɓoye mana komai ba. Yace TP53 ɗin da aka gani tare da shi babu maganin da ake bayarwa dominsa, alama ce kawai, kuma bincike da yawa sun nuna masu shi maganin kan daina musu aiki da ɗan wuri fiye da marasa shi. A nan na gane cewa takardar abu biyu take faɗa, wani layin yana gaya maka wane magani zai yi aiki, wani layin kuma yana gaya maka yadda cutar ke iya tafiya ko da wane magani aka bayar. Yaya tace, "Likita, warkewa fa?" Yayi shiru kaɗan sannan yace, "A wannan matakin ba maganar warkewa muke ba, maganar riƙe cutar muke, ta samu numfashi ta ci abinci ta koma harkokinta, tsawon lokacin kuma Allah ne masani, ni alƙaluman mutane da yawa nake da su ba na mahaifiyarku ba." Naji zafin maganar amma na fi son haka da a yi mana daɗin baki.

Sai batun zaɓen magani, wanda gaskiya batun kuɗi ne. Wanda ake farawa da shi yanzu a ƙasashen da ke da hali shine osimertinib, miligiram 80 kullum. A binciken FLAURA masu shan sa sun kai matsakaicin wata 18.9 kafin cutar ta sake motsi, masu shan tsofaffin wato gefitinib ko erlotinib kuma wata 10.2, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa fiye da su wanda hakan babban abu ne don kansar huhu tana son zuwa can. Amma kuɗin wata ɗaya na asalin kamfanin ya ninka albashina ban san sau nawa ba. Gefitinib kuwa akwai jenerik ɗinsa, wato wanda wasu kamfanoni ke yi da araha, daga Indiya da za mu iya ɗauka wata bayan wata idan muka haɗa hannu. An yi mata hoton ƙwaƙwalwa babu komai, don haka likita yace farawa da gefitinib ba laifi bane, magani ne da aka yi shekaru ana amfani da shi kuma yana aiki, gara wanda za ku iya saya ba yankewa da wanda za ku fara ku tsaya a wata na biyu. Muka tsaya a kan haka, miligiram 250 sau ɗaya a rana.

Kafin ta fara ya bi duk magungunan da take sha ɗaya bayan ɗaya. Na tibi an riga an tsayar, yace da ma dole, don rifampicin da ke ciki yana sa hanta ta ƙone gefitinib da sauri har ya zama kamar ba'a sha ba. Omeprazole da take sha don olsa shima yace a ajiye, sabida maganin yana buƙatar asid ɗin ciki kafin ya narke ya shiga jiki, ya canza mata da wani tsarin. Na gargajiya kuma yace duk abin da aka kawo a nuna masa tukuna, ba raini bane, hanta ce ɗaya kuma ita ke ɗaukar nauyin duka. Zamzam da addu'a da tofi dai babu wanda ya hana, kullum ana yi.

Abin da ya faru bayan ta fara ni da idona na gani. Cikin 'yan makonni tarin ya lafa, ta daina neman oksijin da daddare, ta fara cewa a dama mata kunu, daga baya har tuwo. Ranar da na shigo na tarar ta idar da sallah a tsaye ba a zaune ba sai da na fita waje na share hawaye. Hoton da aka sake bayan wata biyu zuwa uku ya nuna ƙarin ya motse sosai kuma ruwan bai dawo ba. Illolin ma sun zo kamar yadda aka faɗa, ƙuraje a fuska da ƙirji irin na samartaka, fata ta bushe tana ƙaiƙayi, gudawa lokaci-lokaci, gefen farcen ƙafa ya kumbura yana ciwo har takalmi ya gagara. Aka bata man shafawa da doxycycline da maganin tsayar da gudawa, aka ce ta rage shiga rana, ana kuma duba hanta da gwajin jini a kai a kai. An gargaɗe mu cewa idan numfashi ya rikice farat ɗaya da zazzaɓi da sabon tari a tsayar da maganin a taho asibiti a ranar, don akwai kumburin huhu da maganin kan jawo wa mutane ƙalilan kuma yana iya kisa. Alhamdulillah bamu ga wannan ba.

Kusan shekara muka yi a haka, har taje bikin jikarta ta zauna aka yi komai da ita. Sannan ciwon baya ya dawo, hoto ya nuna ƙarin ya fara girma kuma akwai sabbin ɗigo a ɗaya huhun. Duk da an gaya mana tun farko cewa ranar za ta zo, zuwan nata bai yi sauƙi ba. Likita yace ba maganin ne jabu ba kuma ba laifin kowa bane, cikin miliyoyin ƙwayoyin ƙarin wasu sun samu sabon canji da ya hana maganin kama su, su ne suka rayu suka yaɗu. A rabi ko fiye na masu shan gefitinib ko erlotinib wannan sabon canjin shine T790M, kuma osimertinib asalinsa don shi aka fara amincewa da shi a Amurka a 2015. A binciken AURA3 masu T790M da aka ba osimertinib sun samu matsakaicin wata 10.1 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda aka ba kemo kuma wata 4.4. Don haka sai an sake gwaji, tsohon bulok ba zai amsa wannan tambayar ba sabida shi hoton cutar ne kafin magani.

Wannan karon da jini aka fara. Kwalabe ne na musamman lab ɗin ke bayarwa masu riƙe samfurin kar ya lalace a hanya, ba irin na gwajin maleriya ba, aka ɗiba aka aika a ranar. Likita ya riga ya shirya cewa idan ya dawo babu toh sai an yi sabon bayofsi, don jini na iya kuskure T790M. Ya dawo da exon 19 ɗin nan na da, da kuma T790M a gefensa. Aka yi mata gwajin zuciya na ECG tunda osimertinib na iya taɓa bugun zuciya, aka canza magani. Kuɗin kam sai da muka sayar da fili, dangi na nesa da na kusa suka saka hannu, kuma likita ya taimaka mana da hanyar samun sa daga wurin da ya amince da shi, ya ja mana kunne sosai kan sayen irin wannan maganin a hannun wanda ba'a sani ba a intanet don akwai jabu kuma ba'a gane shi da ido.

Abin da ke damuna har yanzu shine mutanen da muke haɗuwa da su a layin asibiti. Na zauna da wani bawan Allah da ya kawo matarsa daga ƙauye, cutarsu ɗaya da ta Hajiya a takarda, ita ma bata taɓa shan taba ba, shekarunta ma basu kai na Hajiya ba, na tambaye shi ko an yi musu gwajin EGFR yace an faɗa musu amma kuɗin gwajin kaɗai ya fi ƙarfinsu don haka kemo ake yi. Ba wanda ya san ko tana da canjin ko babu, watakila ƙwaya ɗaya a rana ce za ta tashe ta, watakila kuma kemon ne daidai da ita, amma an yanke hukuncin ne ba tare da an duba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka erlotinib cikin jerin magungunan dole tun 2019, gefitinib kuma a matsayin madadinsa, toh amma maganin ba shi da amfani idan babu gwajin da zai nuna wa za'a ba. Ko gwajin EGFR ɗin nan shi kaɗai da PCR ake yi, na'urar da manyan asibitocinmu da yawa suka samu lokacin korona, ni a ganina babu dalilin da zai sa sai an ɗauki naman talaka an kai wata ƙasa an biya da dala kafin a san wannan amsar.

Yanzu Hajiya tana kan osimertinib, ƙurajen sun yi sauƙi fiye da na wancan maganin, ciwon bayan ya ragu bayan an haɗa mata da gashin radiyoterafi a wurin, hoton baya-bayan nan ya nuna ɗigon sun ragu. Likita ya riga ya gaya mana cewa shima wata rana zai daina aiki, kuma a lokacin ya fi son a ciro nama sabo ba jini kawai ba, domin abin da ke biyo baya kala-kala ne, wani lokacin sabon canji ne a EGFR mai suna C797S, wani lokacin wata ƙwayar halitta mai suna MET ce ke ninkuwa, wani lokacin ma ƙarin ne ke rikiɗa ya koma mai ƙananan ƙwayoyi wanda jini baya iya nunawa kuma maganinsa kemo ne daban. Bulok ɗin biyu da duk takardun sakamakon suna cikin fayil ɗaya a wurina, na ɗauki hotonsu na tura wa Yaya da ƙanina, kuma mun fara ajiye wani abu duk wata don gwaji na gaba. Ku saka Hajiya a addu'a dan Allah.